Fankar da Ba a Canza Ba

Tun ranar da Baba ya ce, "Wanda ya kasa riƙe min tsani ba zai riƙe min 'ya ba," ba a sake ambaton Injiniya a gidan ba. Ba wanda ya kafa doka. Sunan ne kawai ya bi sahun abubuwan da aka daina taɓawa, irin ɗakin Yaya da aka kulle, da takalmansa da Umma ta hana a bayar.

Auta, wadda ita ce 'yar da ake magana a kai, ta haɗiye maganar nan. Malamar makaranta ce, ba yarinya ba, tana tsawata wa 'ya'yan mutane su yi tsit, amma a gaban mahaifinta ko "a'a" ba ta taɓa haɗawa ta fito daidai ba.

Shi kuwa Injiniya ba injiniyan takarda ba ne. Mai gyaran kwamfuta ne a layin masu waya na babbar kasuwa, 'yan layin suka laƙaba masa sunan ya bi shi. Shi da Yaya, ɗa namiji tilo a gidan su Auta, tare suka tashi, tare suka buɗe shago, duk da Baba ya so ɗansa ya zauna a ofis. Ranar da abin ya faru sun je ɗaura wa wani kanti wayar intanet a saman bene. Yaya ya hau, Injiniya ya riƙe tsani a ƙasa, ƙarfen da ke hannun Yaya ya taɓa wayar wuta. Likita ya ce ko mutum goma ne suka riƙe tsanin ba abin da zai canza. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Baba ya saurara, ya ce haka ne, sannan ya ci gaba da ƙin ganin yaron ko a hanya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, kafin rasuwar kowa a gidan ya san Injiniya na son Auta, har Umma kan tsokane shi da surukina in ya zo cin abinci. Bayan rasuwar sai soyayyar ta zama kamar laifi.

Ana cikin haka Manaja ya ɓullo. Ɗan tsohon abokin aikin Baba ne, yana aiki a banki, ƙamshin turarensa kan riga shi yin sallama. A gaskiya ba shi da wani aibu, kuma wannan ne ya fi ba Auta haushi, don mutum mai aibu ya fi sauƙin ƙi. Da ya lura idon Baba ya yi rauni har ba ya iya karanta rubutun waya, sai ya kawo masa kwamfutar hannu sabuwa fil, siririya kamar faranti. Baba ya yi godiya ya sa albarka. Da ya buɗe, rubutun ya fi na wayar ƙanƙanta, ya shafa yatsa kibiya ta gudu, ya sake shafawa komai ya ɓace. Tsoro ya kama dattijo kada ya lalata kayan mutane. Umma ta naɗe ta a zani ta sa cikin kabad, kusa da tangaran ɗin baƙi.

Alhali buƙatar Baba ba ta taka kara ta karya ba. Yana so ya karanta labarai da manyan baƙaƙe, ya saurari karatu, ya kuma ga fuskar Anti, babbar 'yarsa da ke aure a wata ƙasa, da jikokin da bai taɓa ɗauka ba.

Ranar da Baba ya kira Auta ya ce manyan Manaja za su zo a ƙarshen wata, ya ƙara da cewa shi ba ya tilasta mata. Kowa dai ya san irin "ba na tilasta miki" ɗin iyaye, wadda ake faɗa ana kallon mutum har ya sunkuyar da kai. Auta ta sunkuyar. Amma da ta koma ɗaki ta share hawaye, wata dabara ta faɗo mata. Za ta kawo wa Baba kwamfutar da ta san idonsa da hannunsa. In ya ji daɗinta ya saba, sai ta gaya masa wanda ya yi tunaninsa haka. Wataƙila abin da baki ya kasa, aiki ya iya.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta wuce kasuwa.

Ta sami Injiniya ya duƙufa kan tebur, ya rame, gemu ya taru ba gyara. Da ya ɗago ya gan ta sai sukudireba ta suɓuce masa. Ta gaya masa abin da ya kawo ta, ta gaya masa ɗan abin da ta iya tarawa daga albashi, wanda bai kai ya sayi ko murfin ta Manaja ba. Da farko ya ƙi. Ya ce Baba ya hana shi gidan, ba zai shiga ta bayan gida ba ko da a cikin akwati ne.

"Ba kai za ka haɗa ba," in ji ta. "Ni zan haɗa da hannuna, kai ka tsaya ka nuna min. In Baba ya tambaye ni, ba na so in yi masa ƙarya."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya jawo mata kujera.

Haka suka yi kwanaki, kullum bayan makaranta. Injiniya ya ce Baba ba tsere zai yi ba, jaki mai haƙuri yake buƙata ba doki ba. Ya nemo bod ɗin wata tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya, wato faifan da ake jona duk kayan ciki a kansa, da ma'ajiyar bayanai ƙarama mai saurin tashi, don dattijo in ya danna bai ga komai ba sai ya ce ta mutu. Mafi yawan kuɗin ya ce a zuba a kan allo, babba na hannu, tunda da ido za a yi aikin. Linzamin da ake tura kibiya da shi kuwa, ya zaɓi mai waya, ya ce mai batir ranar da batirin ya ƙare Umma za ta ce aljanu ne. Ya yanko manyan haruffa ya ba ta ta liƙa a kan madannai ɗaya bayan ɗaya. A fuskar allon kuwa ya share komai, ya bar hotuna uku manya, na labarai, na karatu, da na kiran Anti.

Auta na ɗaura noti yana cewa a hankali, ba ƙofar gida take ɗaurewa ba. Ta harare shi, ya yi murmushi. Rabon da ta ga murmushin nan tun Yaya na raye, sai ta ji ƙirjinta ya yi mata zafi don so da tausayi.

Saura akwatin da za a zuba kayan. Sabo ya fi ƙarfin abin da ya rage. Injiniya ya ce ta dawo gobe. Da ta dawo ya jawo wani daga ƙarƙashin tebur, baƙi wuluk, yana warin sabon fenti, da fankarsa a jiki. Ta tambayi inda ya samo. Ya ce tsoho ne, ya daɗe a shagon, ya faɗa yana neman wani abu a aljihun tebur bai kalle ta ba.

Suka kunna ta tashi lafiya lau. Sai dai wanda ya san layin masu waya ya san ba a jin komai a wurin. Janareta na ruri a bakin kowane shago, lasifikoki na gasar waƙa, masu kiran ciniki na ihu a kan juna. In za ka yi wa na kusa da kai magana sai ka ɗaga murya. A cikin wannan hayaniya suka sa kunne, su biyun, suka ce ba ta da ƙara ko kaɗan.

Ranar da ba makaranta ta ɗauko ta a motar haya ta kai gida. Baba ya shafa akwatin da tafin hannu, ya ce araha dai ba ta ado, ya tambayi wa ya haɗa wannan. Auta ta ce ita ce da hannunta, ta nuna masa yatsan da ƙarfe ya yanka. Ya yi dariya ya ce ashe malamai sun fara shiga sana'ar mutane.

Ta zaunar da shi, ta ɗora hannunsa kan linzami, ta danna. Rubutu ya fito manya-manya. Baba ya matso, ya ja baya, sai ga shi yana karanta kanun labari da ƙarfi, kalma bayan kalma, ba tare da ya kira kowa ya taimake shi ba. Ya karanta na biyu. Ya ce a kira Umma ta zo ta ga ikon Allah.

Bayan la'asar ne, unguwa ta yi shiru, ko yara ba a ji a waje. Da Baba ya tsaya ya ja numfashi, a nan ne ƙarar ta fito.

Ƙas, ƙas, ƙas. Sai ta ɗan ja kamar mai gyaran murya, sai ta sake. Ba ƙara ce mai ƙarfi ba, daga bayan akwatin take fitowa, inda fanka ke juyawa.

Tsigar jikin Auta ta tashi tun kafin ta gane dalili. Daga kicin aka ji kofi ya faɗi ya yi ta gangarawa. Umma ta fito hannunta da ruwa, amma ba falo ta nufa ba. Ƙofar ɗakin Yaya ta je, ta tsaya, ta kara kunnenta a jikin katakon.

"Wa ya buɗe masa ɗaki?" ta tambaya a hankali.

Ƙofar na nan a kulle, makullin na ɗaure a bakin zaninta. Ta juyo tana bin ƙarar da kunne, taku ɗaya bayan ɗaya, har ta iso bayan kujerar Baba. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kan baƙin akwatin, ta bar shi a nan.

A lokacin Auta ta tuna. Shekara da shekaru wannan ƙarar ce ke fitowa daga ɗakin Yaya duk sanda yake gida. Da ita ake sanin ya dawo tun kafin a ga takalmansa. Ta dubi Baba. Idonsa na kan allon, amma leɓensa ya daina motsi.

Daga ranar gidan ya canza. Umma ta kwaso tabarmarta ta dawo falo. Ba ta kallon allon ko sau ɗaya, gefen akwatin take zama tana tsince shinkafa, tana jan carbi, wani lokaci Auta ta ji tana magana ƙasa-ƙasa, irin maganar da ake yi wa wanda ke ɗaki na kusa. Ta hana a kashe. In aka ɗauke wuta ƙarar ta tsaya, sai ta sandare a zaune, abin da ke hannunta ya tsaya a hannunta, har sai an dawo da ita. Wata rana da rana Auta ta tarar ta zuba abinci a kwano ta rufe ta ajiye kusa da madannai. Da suka haɗa ido Umma ta ɗauke kwanon da sauri, ta ce mantawa ta yi.

Baba kuwa ya daina karanta labarai. Yakan zauna a kujerar ya ɗora hannu kan linzami bai danna komai ba. Ita kanta Auta in ta shigo gida ta ji ƙarar, sai bakinta ya buɗe zai ce "Yaya, ka dawo?" kafin hankalinta ya kamo shi. Tsoro ya shige ta, ba na aljani ba, na abin da ta jawo wa iyayenta da hannunta.

Ta koma kasuwa, ta faɗa shagon ba ta ko yi sallama ba.

"Akwatin wa ka ba ni?"

Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa. Bai yi musu ba. Ya ce na marigayi ne. Makonni kaɗan kafin rasuwar, Yaya ya kwaso kwamfutarsa daga ɗaki ya kawo shago, ya ce zai sabunta ta ya ba Baba, don tun lokacin idon ya fara. Bai kai ga gamawa ba.

"Na kankare duk takardun da ya liƙa a jiki," in ji shi. "Na fesa fenti har sau biyu don kada Umma ta gane launin. Na canza duk abin da ido zai gani. Wallahi, Auta, ban tuna da kunne ba. A nan ba a jin ta. Ke ma kin sa kunne."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da na gaya miki za ki ɗauka?"

Hawaye suka zubo kan mayafinta.

"Na ga kuɗin bai kai ba," ya ci gaba. "Kuma na ce a raina, abin da ya fara wa mahaifinsa ne, bari ya isa inda ya nufa. Kullum in na buɗe shago sai ƙafata ta taɓa akwatin nan a ƙarƙashin tebur. Na kasa sayarwa, na kasa yarwa. Na ɗauka in ya tafi gidanku ni ma zan samu barci."

"Ka samu?"

"A'a."

"To Umma ma ta daina. Abinci take zuba masa, Injiniya. Uwata tana zuba wa akwati abinci. Na zo in gyara tsakaninka da su, ga shi na tono musu kabari a tsakiyar falo. Yanzu da wane baki zan ce kai ne? Manyan Manaja saura 'yan kwanaki su zo, ni kuma ba ni da abin da zan riƙe in ce a'a sai wannan, shi ma ya juye min."

Ya miƙo mata hankici, ya fasa, ya ajiye a kan tebur tsakaninsu. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya koma.

Da ta isa gida Baba na jiran ta a falo, Umma na gefen akwatin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce idonsa ne ya mutu, kunnensa na nan. Ya ce ya yarda ita ta ɗaura, amma a shagon wa? Auta ta durƙusa ta faɗi gaskiya tun daga farko, har da dalilinta, tana kuka tana haɗa kalmomin da ƙyar. Baba ya saurara har ta gama.

"Ki ce ya zo gobe," ya ce. "Shi ya sa fankar nan, shi zai cire ta. Ba zan zauna ina kallon uwarku tana haukacewa a gabana ba."

Umma ta matsa kusa da akwatin.

Da hantsi Injiniya ya zo, da 'yar jakar kayan aiki da sabuwar fanka a kwali. Ya yi sallama a ƙofar da a da yake shiga ba sallama. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa da ka, ya nuna masa akwatin da haɓa. Auta na tsaye a bakin labule.

Ya miƙa hannu zai kashe, Umma ta riƙe masa wuyan hannu.

Wannan ne karo na farko da ta dube shi tun ranar jana'iza. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, gemun da ya taru, da 'yar furfurar da ta fara leƙowa a gefen kai tun ba lokacinta ba.

"Kai kaɗai ke wurin," ta ce. "Ba wanda ya tambaye ka, ni ma na kasa. Me ya ce? Kafin ya hau, me ya ce maka?"

Injiniya ya dubi Baba. Baba ya kau da kai, amma bai hana ba.

"Ba wata babbar magana ba ce, Umma."

"Ita nake so."

"Ya ce in mun gama mu biya ta layin 'yan kaya ya sayi fanka. Ya ce wadda ke cikin ta Baba tana da ƙara, kuma kin ce tana sa miki ciwon kai, ba ya so ya dawo miki da ita gida a haka. Na ce masa to. Sai ya hau."

Umma ta saki hannunsa. Wani sauti ya fito mata daga ƙirji wanda Auta ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka kawo gawar. Ta ce haka ne, ita ta faɗa. Ta ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana faɗan ya kashe mata wannan abu ko ya fitar da shi daga gidan, har ya fitar. Ta ce ita ta roƙi shiru, aka kuwa ba ta shi har ya yi mata yawa.

"Kada ka cire," ta ce tana kuka. "Don Allah, ɗana, kada ka cire. Na fasa."

Kalmar "ɗana" ta sa Injiniya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na girgiza. Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ƙarar na ta yi a tsakaninsu.

Can Baba ya yi gyaran murya, ya tambaya ba tare da ya dube shi ba, fankar za ta daɗe? Injiniya ya ce gaskiya ta tsufa, tsakiyarta ta gaji, shi ne ma ke kawo ƙarar. In an bar ta haka wata rana za ta tsaya cak. Amma in ana buɗewa lokaci-lokaci ana share ƙura, ana ɗiga mata mai kaɗan, ba da yawa ba don kada ta yi shiru, za ta iya kaiwa shekaru.

Umma ta juya ga mijinta. "To ya riƙa zuwa," ta ce. "Ka ji, ya riƙa zuwa yana duba min ita."

Ga ƙofa ta buɗe, wadda Auta ta yi ta nema ba ta samu ba. In yana zuwa zai zauna, in ya zauna za a ba shi ruwa, in aka saba da ganinsa sauran mai sauƙi ne. Ta kafe shi da ido tana roƙonsa a zuci ya ce to. Baba ma, kamar wanda aka ci ƙarfinsa, ya tambaya a gajiye ko ban da shi akwai wanda ya iya.

Injiniya ya share fuska da hannun riga.

"Akwai, Baba. Auta ta iya. Ita ta ɗaura kowane noti a jikin nan, ta san inda ake buɗewa."

Ya buɗe jaka ya fito da 'yar kwalbar mai da ƙaramar sukudireba, ya ajiye a kan tebur kusa da madannai. Ya mayar da sabuwar fankar cikin jaka. Ya ce Umma ta yafe masa, Baba ya yafe masa, ya tashi.

Auta ta bi shi har bakin ƙofar gida, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

"Ka san abin da ka yi?" ta ce. "Ita kaɗai ce hanyar da ta rage mana. Umma da bakinta ta ce ka riƙa zuwa. Kalma ɗaya za ka faɗa."

"Na sani."

"To me ya sa? Ko ka gaji da ni ne, ka faɗa min in sani."

"Ban gaji ba, kuma ba zan gaji ba. Amma ba ni Umma ta kira ba, Auta, shi ta kira. In na shigo ta nan, kullum zan zauna a falonku ina cin albarkacin mutuwarsa, Baba na kallona ya kasa korata saboda matarsa. Wannan ba yarda ba ce. In zai ba ni ke, ya ba ni yana iya hana ni."

"In kuma bai ba ka ba?"

Ya gyara jakar a kafaɗa ya bi layi, bai waiwayo ba har ya sha kwana. Ta tsaya tana jin haushinsa kamar ta mutu, tana kuma jin ba ta taɓa son sa kamar yau ba.

Da ta koma ciki, Umma ta kwanta a tabarma kusa da akwatin, idonta a rufe, barci ya ɗauke ta da rana tsaka. Baba na kujerarsa, ya mayar da tabarau, yana juya 'yar kwalbar man a hannu.

"Zo ki nuna min inda ake kiran yayarki," ya ce. "Jibi baƙi za su zo. Ya kamata ta ji daga bakina."

Auta ta zo kamar wadda ake ja. Ta ɗora hannunta a kan nasa, ta kai kibiyar kan hoto na uku, suka danna tare. Kiran ya yi ta ƙara, sai ga fuskar Anti ta cika allon, babba, har da ɗigon tawadar Allah da ke gefen hancinta. Baba ya ja numfashi. Rabonsa da ganin fuskar nan sarai tun kafin ta haifi na farko.

Anti ta fara murna tana kiran yara su zo su ga kakansu, sai ta tsaya. Ta dubi jajayen idanun ƙanwarta, ta dubi mahaifinta, ta tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Baba. "Na kira ne in gaya miki maganar auren ƙanwarki."

"Alhamdu lillahi. Da wa, Baba?"

Baba ya buɗe baki. Ya dubi matarsa da ke barci, ya dubi ƙofar da Injiniya ya bi ya fita, ya rufe bakin.

"Baba, kana ji na?" in ji Anti. "Na ce da wa?"